Shekarar da Muka Fasa Tafiya Jos

Dauda, Ayo, Maryamu, da kai autana Bulus, na san kun sha jin maganar nan a bakin mutane, kowa da yadda yake juya ta. Wasu sun gaya muku wai babanku ya ƙi ƙarin girma ne saboda ba shi da zuciyar nema. Wasu sun ce ni ce na ɗaure masa ƙafa a Fagge don muna kwaɗayin gidan wata tsohuwa. Gidan dai ɗanta ya sayar da shi bayan rasuwarta, haƙƙinsa ne, ko tsintsiya ba mu fita da ita ba sai tamu. Tun da babanku ya riga mu komawa wurin Ubangiji, ni ma ido ya fara gajiya, bari in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iya riƙe alƙalami.

Mun zo Kano daga ƙauyenmu na ƙasar Zazzau ina amarya, a farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin. Babanku, Malam Ishaya, ya sami aikin akawu a wani kamfanin Turawa mai sayen fatu da gyaɗa. Kowa ya ɗauka a Sabon Gari za mu sauka, don can majami'armu take, can 'yan'uwa masu bi suke. Amma ɗaki ya yi wuya, sai wani abokin aikinsa ya kai shi Fagge, gidan wata Bayarbiya Musulma da ake kira Iya Mai Atamfa. Mutuniyar Ogbomosho ce, ta zo Kano tana yarinya da mijinta, ta binne shi a nan, ta tsufa a nan, Hausa a bakinta kamar a Fagge aka yanke mata cibiya. Tana saro atamfa a Kantin Kwari ta kai kasuwar Sabon Gari, inda ɗanta guda ɗaya, Lasisi, yake da rumfa. Ranar da muka je, babanku ya gaya mata gaskiya tun a zaure, ya ce mu Kirista ne, kada ta ji daga baya. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Tana shan giya?"

"A'a, Iya."

"Tana faɗa da maƙwabta?"

"Ban taɓa gani ba."

"To, ku shigo da kayanku. Addini kuma kowa da Mai shi za su gana."

Haka muka zauna. Ita ce ta koya mini cinikin kasuwar birni, ita ta riƙe ni ranar da naƙudar Dauda ta kama ni babanku yana wurin aiki. Da asuba ina jin ƙarar butarta, ita kuma tana jin mu muna waƙar sujada ƙasa-ƙasa. In na yi tuwo na kai mata, in ta yi amala ta aiko mini, tana dariyar yadda yaji yake sa ni hawaye. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai dai Amarya, har bayan na goya ɗa.

Akwai abin da na taso da shi daga gidanmu wanda sai kun san shi za ku gane sauran labarin. Kakanku manomi ne, bai yi karatu ba, amma ba ya ɗaga fartanya sai ya ce, "Ruhu Mai Tsarki, ga ni zan fara, ka bi da ni." Haka in zai tafi kasuwa, haka in zai shiga sulhun maƙwabta. Ni ma na ɗauka. Ina faɗa in zan hura wuta, ina faɗa a layin famfo, ina faɗa in zan yanke wa Dauda farce. Gaskiya a lokacin yawanci baki ne kawai yake faɗa, kamar yadda ake cewa sannu. Ban san wata rana za a amsa mini da abin da ban so ji ba.

Sai shekarar da aka yi tashin hankali tsakanin Fagge da Sabon Gari ta zo. Ba zan ba ku labarinsa ba, waɗanda suka gani ba sa son tunawa. Mun yi kwanaki a kulle, Iya ta tura turmi bayan ƙofar zaure, muna jin ihu daga bakin hanya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a gidan nan ba wanda ya san inda ya dace ya gudu. Mu Hausawa ne amma Kirista, ita Musulma ce amma 'yar kudu. Da ƙura ta lafa, sai aka tarar an wawashe rumfar Lasisi ƙarƙaf. Matarsa ta kwashi 'ya'ya ta bi jirgin ƙasa zuwa garinsu, ta ce ko a mafarki ba za ta dawo ba. Iya ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da fita Kwari kamar ba abin da ya faru, har wata safiya tana ɗaura kallabi a tsakar gida na ga ta karkace ta zube. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana sai da ƙyar.

Ni kuwa tun daga kwanakin nan tsoro ya shige ni. Ko kwano ne ya faɗi sai in suri Dauda. Addu'ata ta koma guda ɗaya, safe da rana: Ubangiji ka fitar da mu daga garin nan. Ina niƙa ina faɗa, ina wanki ina faɗa. Ba a daɗe ba kuwa babanku ya dawo wata rana da yamma, ya jingine kekensa yana murmushi.

"Rifkatu, Allah ya ji kukanki. Manaja ya kira ni. Za su buɗe reshe a Jos, ni suke so in zama babban akawu. Da gida, da famfo a cikin gidan, har da lantarki."

Na durƙusa a nan tsakar gida na yi godiya. Ranar Lahadi na tashi a gaban jama'a na ba da shaida, mata suka yi ta guɗa. Aka ce mu shirya, da kaka za mu tashi.

A wannan lokacin Lasisi yana ta fama. Ya so ya kai uwarsa garinsu, likita ya ce ba za ta kai da rai ba, ita ma ta girgiza kai, ta nuna ƙasa da hannunta mai lafiya, wato nan mijinta yake, nan za ta kwanta. Shi kuma jari ya ƙare, iyali suna can suna jiransa, an yi masa alkawarin aiki a Ikko. Ya samo wata mata da za ta riƙa zuwa tana kula da ita, abokan cinikin Iya suka ce za su riƙa leƙowa, ya tafi yana share hawaye da hularsa. Bai roƙe mu komai ba. Ina so ku riƙe wannan: ba wanda ya roƙe mu. Matar da aka samo ba muguwa ba ce, sai dai tana da nata gidan da nata tallan. Ta zo da safe ta ba ta kunu, ta tafi, sai la'asar. Abokan ciniki kowa da rumfarsa. Matan maƙwabta suna kulle, sai bayan magariba suke iya shigowa. Tsakanin hantsi da la'asar ba kowa a gidan sai ni da Dauda da numfashin Iya ta bayan labule. Na fara shiga ina juya ta, ina canza mata shimfiɗa, ina ce wa kaina ai na ɗan lokaci ne.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, tun ranar da na ba da shaida farin cikina ya fara tsiyayewa. Ga abin da na roƙa an ba ni, amma in na zauna ɗaure kaya sai hannuna ya yi nauyi. In na buɗe baki zan yi addu'a sai in ji kamar ina magana a cikin tulu. Da abin ya ishe ni, na goya Dauda na tafi Sabon Gari wurin Mama Lidiya, wata dattijuwa a zumuntar matanmu, gwauruwa ce mai suyar ƙosai. Na same ta tana surfa wake. Na zayyana mata komai. Ba ta daina aikinta ba har na gama.

"'Yar nan, da kike addu'ar nan, tambayarsa kike yi ko aikensa kike yi?"

Ta ɗora da cewa:

"Na ji shaidarki ranar nan, na yi guɗa tare da kowa. Wataƙila Jos ɗin nufinsa ne, ban sani ba. Amma ke ba ki tambaya ba. Koma gida ki ce masa, me kake so? Sa'an nan ki rufe bakinki ki ci gaba da aikinki. Ba ya ihu, shi ya sa masu surutu ba sa jin sa."

"To Mama, yaya zan san shi ne, ba zuciyata ba ce?"

"Zuciyarki ai na ga inda ta nufa, tana Jos tun tuni. In kin ji abu, ki duba ko ya yi kama da halin Yesu. Kuma kada ki ɗauke shi ke kaɗai ki je ki sauke wa mijinki a ka. In Ruhu ne, ya san hanyar ofishin Malam Ishaya."

Na dawo na canza addu'a. Ba ta da tsawo. In na ɗora tukunya in ce, me kake so? In na shanya tsummokaran Iya a igiya in ce, me kake so? Kwanaki suka wuce ban ji komai ba. Har na fara jin haushin Mama Lidiya.

Wata rana da azahar, ladan ya gama kira, ina tankaɗe a ƙofar ɗakina sai na ji wani irin gurnani daga ɗakin Iya. Na shiga da gudu. Na same ta ta ja jiki har ta kusa faɗowa daga gado, hawaye ya jiƙa matashi. Na ɗauka ciwo ne. Na kawo ruwa ta kau da kai, na kawo fo ta kau da kai. Da ƙyar na tsinci kalmar da take ta maimaitawa.

"Gabas. Amarya, gabas."

Ashe tun da ta kwanta fuskarta yamma take kallo, matar da ba ta taɓa barin salla ta wuce ta ba. Kuma ba wanda ya lura. Na saka mayafi na leƙa gidan Malam Habu, limamin unguwarmu, na tsaya daga zaure na yi sallama. Na ce masa Iya tana son yin salla, ni ban san yadda mara lafiya yake yi ba, ya gaya mini. Ya ce in ruwa zai wahalar da ita, in samo yashi mai tsabta a faranti, ya nuna mini yadda za ta dafa ta shafa fuska da hannuwa. Na dawo na ja gadon nan ni kaɗai har ya juya, na tallafe ta da matasai, na kawo yashin. Hannun hagu ta dafa da kanta. Na daman, wanda ya mutu, ni na ɗaga mata shi na ɗora. Ta fara salla da ido da leɓe, ni kuma na koma bakin ƙofa na zauna don kada Dauda ya shiga ya dame ta.

A nan, a bakin ƙofar nan, da garin tuwo a hannuna, na ce a zuci, me kake so? Ban ji murya ba, kada wani ya ƙara muku gishiri. Ban ga haske ba. Abin da na sani shi ne nauyin nan da na yi makonni ina ɗauke da shi ya sauka, tsoron da ya hana ni sakat tun kwanakin tashin hankali na neme shi na rasa. Wata salama ta sauko mini, kuma tare da ita na san abu ɗaya sarai kamar yadda na san sunana: ba za mu bar matar nan ba. Na yi kuka, don har a lokacin ina son gidan nan mai famfo.

Ban bi shawarar Mama Lidiya duka ba, don bakina bai iya riƙewa ba. Da yamma, bayan babanku ya ci tuwo, na gaya masa. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Ke ce fa kika hana ni sukuni a kan mu bar garin nan. Ke kika tashi a gaban ikkilisiya kika ce Allah ya amsa. Yanzu kuma Allah ya sake shawara?"

"Malam, ba shi ya sake ba. Ni ce ban tambaye shi ba tun farko."

"Tana da ɗa, Rifkatu. Tana da mutanenta. Dauda fa? Makarantar da zan sa shi fa? Irin wannan dama sau nawa take zuwa wa ɗan manomi?"

"Ban ce ka ƙi ba. In ka ce mu tafi, zan ɗaure kaya in bi ka, ba za ka ji ƙorafi a bakina ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kai ma ka tambaya."

Ya tashi ya fita zaure. Daga ranar muka daina maganar. Sujadar safe ba mu fasa ba, amma in ya zo addu'a sai ya yi ta gajeriya, ya ce amin, ya ɗauki keke. Na ga yana ramewa. Daga baya ya gaya mini cewa a kan keken nan yake tambayar, daga Fagge har ofis, daga ofis har Fagge, kuma rabin addu'ar tasa gardama ce.

Ana nan, wata safiya na ce masa gadon bayan Iya ya fara ciwo saboda kwanciya, ina so ta sha hantsi, ni kuwa ba zan iya ɗaukarta ba. Ya riga ya sa fararen kayan aikinsa. Ya nemi izininta, ya shiga ya tallabo ta kamar jaririya ya fito da ita tsakar gida inda na shimfiɗa tabarma. Kafin ya sauke ta sai ta damƙe wuyan rigarsa da hannun hagu. Ta daɗe tana kokawa da harshenta.

"Ɗana. Jos. Allah ya kai ku lafiya. Kada ku damu da ni. Allah yana nan."

Sa'an nan ta nuna mini akwatinta da ido. Na buɗe, na tarar da turmin atamfa a sama, irin mai tsadar nan da ba ta sayar wa kowa sai manyan mata. Ashe tun kafin Lasisi ya tafi ta sa ya ware mini, guzurin tafiya. Babanku ya tsaya yana kallon turmin nan, ya dubi wuyan rigarsa da ya yamutse. Ya ɗauki keke ya fita. Da ya dawo da yamma bai shigo da keken ba ma, a zaure ya bar shi. Ya zauna a bakin ƙofa yana cire takalmi.

"Na gaya wa manaja a ba wani."

"Me ya ce?"

"Ya ce in yi tunani, ba za a sake yi mini tayi ba. Na ce na yi." Ya ajiye takalmin gefe. "Rifkatu, ba ta da nauyi ko kaɗan. Da na ɗauke ta sai na ji kamar uwata na ɗauka. Tana sa mana albarka mu tafi mu bar ta. Na hau keke ina cewa, me kake so, me kake so, alhali na riga na sani."

Ba a sake yi masa tayin ba kuwa. Wanda aka tura Jos yaronsa ne a ofis, shi ya koya masa aiki. Bayan 'yan shekaru mutumin ya zama mai zagaya rassa, yana zuwa Kano a mota, babanku yana miƙewa tsaye in ya shigo. Ba zan ɓoye muku ba, akwai ranakun da yake dawowa ya kasa cin abinci. Akwai ranar da ya ce mini, "Da yanzu 'ya'yan nan suna kwana a ɗakinsu daban." Gaskiya kuwa ya faɗa. Ni ma ciwon bayan nan da kuke ganin ina fama da shi, a ɗakin Iya na samo shi. Ga kuma bakin mutane. A Sabon Gari aka ce mun kusa musulunta, tun da har an ga ina ɗiban yashin taimama. Wasu matan zumunta suka daina zuwa gidana. A Fagge kuma aka sami masu cewa an bar tsohuwa a hannun Kirista za su juya ta a kan gadon mutuwa. Wannan maganar kuwa Malam Habu ne ya kashe ta. Ya ce wa masu maganar, duk wanda ya fi mu tausayinta ga ƙofa nan a buɗe, ya aiko matarsa ta karɓi wankin tsumma. Ba a aiko kowa ba, maganar ta mutu.

Amma kada ku ɗauka shekarun nan na baƙin ciki ne. Sun fi shekara biyu, kuma ban taɓa zama kusa da Ubangiji kamar a cikinsu ba. Kowace safiya akwai abin tambaya. Yau ta ƙi cin abinci, in matsa mata ko in ƙyale ta? Yau ta yi fushi ta watsar da kunu, in yi magana ko in yi shiru? Sai in ce, Ruhu Mai Tsarki, ka bi da ni, wannan karon kuma da gaske nake. Sau da yawa amsar ba ta wuce in ji a raina in ɗebo man kaɗanya in shafa mata ƙafa ba, ko in kawo mata ragowar yadi ta riƙa shafawa tana gaya mini wanne ne na kirki wanne ne zai zuba. Maganarta ta ɗan dawo. Tana zaune a tsakar gida tana gyara mini girki da baki, tana yi wa Dauda tatsuniyar garinsu. Lasisi yana aiko da abin da ya samu, yana zuwa da babbar salla. In mun yi sujadar yamma tana jin mu, in mun ce amin ita ma ta ce amin daga ɗakinta, ba ta bar addininta ba, mu ma ba mu bar namu ba. A cikin shekarun nan aka haife ki, Ayo. Sunan da muka raɗa miki a majami'a Hannatu ne. Da na ɗora mata ke a cinya, ta dube ki ta yi dariya da rabin bakinta ta ce Ayo, wato farin ciki da yarensu. Sunan ya bi ki har ya danne na gaskiya.

Ta rasu da hantsi, a cikin damina. Tun da safe na ga numfashinta ya canza, na aika aka kira matar Malam Habu ta zo ta zauna a kanta tana tuna mata kalmar shahada, ni kuma ina riƙe da hannunta mai lafiya. Na ji lokacin da ya saki. Wankan gawa ba nawa ba ne, na sani, ban kuma nema ba. Na hura wuta na ɗumama ruwan, na kai har bakin ƙofa, matan suka karɓa. Babanku ya bi masu ɗaukar makara har maƙabarta, ya tsaya daga gefe da hularsa a hannu har aka gama.

Da aka dawo aka shimfiɗa tabarmi, na koma wajen murhu don in ga abin da za a ba baƙi. Sai matar Malam Habu ta kamo hannuna.

"Ina za ki? Zo ki zauna nan. Wa za a yi wa gaisuwa in ba ke ba?"

Ta zaunar da ni a inda 'yar mamaci take zama. Matan Fagge, Hausawa da Yarabawa, 'yan Kwari da 'yan kasuwar Sabon Gari, kowace ta shigo sai ta durƙusa a gabana ta ce, ya haƙuri. Washegari da la'asar na ɗaga kai sai ga Mama Lidiya a bakin zaure, ta yafa mayafi, bayanta matan zumunta ne, har da waɗanda suka daina zuwa gidana, ɗauke da ƙwaryar ƙosai. Aka matsa musu suka zauna a tabarma ɗaya da kowa.

Lasisi bai iso ba sai bayan an kwana biyu, don saƙo ya daɗe kafin ya same shi, jirgi kuma ba ya sauri. Ya shigo da ƙurar hanya a jikinsa, ya leƙa ɗakin uwarsa ya ga gado ba kowa. Ya fito tsakar gida, babban mutum da furfura a gemu, ya kwanta rub da ciki a gabanmu yadda suke gaida iyaye a garinsu. Babanku ya yi sauri ya ɗaga shi.

"Haba Lasisi, tashi. Uwarmu ce mu ma."

"Malam, a ina aka sa ta? Ina so in gani."

Malam Habu ya tafi ƙauye a ranar, sauran maza suna kasuwa. Babanku ya fito da kekensa ya ce masa ya hau baya. Na tsaya a ƙofar gida da Ayo a goye ina kallonsu, akawu da fararen kaya yana tuƙi, Lasisi a baya ya riƙe shi da hannu biyu kamar yaro, suna kauce wa kwatamin ruwan sama har suka sha kwana.

Sai gab da magariba suka dawo. Lasisi ya shiga alwala. Babanku ya zauna a kan turmi, ƙafafun wandonsa duk taɓo, na kawo masa ruwa ya sha. Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin Iya.

"Sababbin kaburbura sun yi yawa a wurin, ruwa kuma ya daidaita su duka. Ya tsaya yana ta dube-dube. Ni na kama hannunsa na kai shi." Ya miƙo mini kofin. "Rifkatu, da muna Jos, wa zai nuna masa?"

Sa'an nan ya ce in kira Dauda mu yi addu'a. Muka durƙusa mu uku a ɗakinmu, ke Ayo kina barci a bayana. Babanku, wanda ya iya doguwar addu'a in ya so, ya buɗe baki ya ce, "Mun gode." Ya tsaya. Muka jira. Ya sake cewa, "Mun gode." Daga nan ni na ce amin.